Ran da ke ciki da mai ɗauke da shi

A ranar 16 ga Fabrairun 2024, kotun ƙolin jihar Alabama ta Amurka ta yanke hukunci cewa 'yan tayin da ake daskarewa a asibitocin dashen ciki, inda ake haɗa maniyyi da ƙwai a ɗakin gwaji a dasa wa mace, 'ya'ya ne a idon doka, kuma wanda ya yi sakaci suka lalace ana iya maka shi kotu kamar wanda ya jawo mutuwar yaro. Ba a cika mako uku ba, ranar 4 ga Maris, 'yan majalisar Faransa suka rubuta 'yancin zubar da ciki a kundin tsarin mulkin ƙasarsu, da ƙuri'a 780, masu adawa 72 kacal. Wanda ya tsaya a kanun labarai zai ce duniya ta rabu gida biyu: masu cewa mutum ya cika mutum tun ranar da maniyyi ya haɗu da ƙwai, da masu cewa babu kowa a wurin sai matar da ke ɗauke da cikin.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina. A Alabama, manyan asibitocin dashen ciki sun dakatar da aiki cikin 'yan kwanaki, domin babu likitan da zai yarda ya riƙe abin da in ya suɓuce a hannunsa za a ce ya kashe yara. Ma'auratan da suka shekara da shekaru suna neman haihuwa suka yi ca. Majalisar jihar, wadda akasarin 'ya'yanta masu ƙin zubar da ciki ne, ta yi maza ta kafa dokar da ta ba asibitocin kariya, aka koma aiki. A Faransa kuwa, 'yancin nan da aka yi wa biki yana da iyaka, mako 14. Daga nan sai da dalilin lafiya wanda likitoci suka tabbatar.

Kowane ɓangare, da aka zo aiki, ya ja da baya daga abin da bakinsa ke faɗa, kuma a ganina aikin nasu ya fi maganarsu kusa da gaskiya. Ɗan tayi yana da haƙƙi tun ranar farko. Haƙƙin yana girma tare da shi, har ya kai lokacin da taɓa shi kisan kai ne. Ita kuwa uwa, nata haƙƙin cikakke ne tun kafin cikin ya shiga, kuma shigar cikin ba ta rage shi da komai ba. A kan wannan na tsaya, kuma na san ba zai yi wa masu ɗaga kwalaye na kowane gefe daɗi ba.

Yawancin masu wannan gardama ba su taɓa tsayawa sun dubi abin da ke faruwa a cikin jiki ba. Maniyyi da ƙwai suna haɗuwa ne a bututun da ke kai ƙwai mahaifa, kuma haɗuwar kanta takan ɗauki kusan yini guda kafin ƙwayoyin gadon uba da na uwa su zama abu ɗaya. Ƙwayar ta rabu biyu, ta zama huɗu, ta zama takwas, tana gangarowa. A rana ta biyar ta zama ɗan curi da bai kai ɗigon alƙalami ba, wajen ƙarshen makon farko ta manne a bangon mahaifa. Wani yanki ne kawai na curin zai zama jariri, saura ya zama mabiyiya. Har zuwa wajen kwana 14, curin nan na iya tsagewa ya zama tagwaye masu kama ɗaya, in tsagewar ta yi jinkiri a haife su manne da juna. Wani lokaci ma biyu kan haɗe su zama mutum guda mai ƙwayoyin gado iri biyu a jikinsa. To mai cewa mutum ya kammala tun ranar farko sai ya gaya mana: wanda ya tsage biyu, wane ne shi a cikin tagwayen? Wannan na cikin dalilan da suka sa kwamitin Mary Warnock a Birtaniya ya ba da shawara a 1984 cewa kada a wuce kwana 14 ana bincike a kan ɗan tayi a ɗakin gwaji, shawarar da ta zama doka a 1990.

Daga nan abubuwa kan zo a jere, babu wanda ya zo da ganga. Wajen kwana 22 abin da zai zama zuciya ya fara harbawa. A ƙarshen mako na takwas tsawonsa wajen santimita 3 ne, yatsu sun rabu, fuska ta fito. Tsakanin mako 16 da 20 a lissafin likitoci uwa ke fara jin motsi. (Likitoci suna ƙirge daga ranar farko ta hailar ƙarshe, saboda haka lissafinsu ya ɗara ainihin kwanakin ɗan tayi da wajen mako biyu. Wannan bambancin yana da muhimmanci, zan dawo kansa.) Jijiyoyin da ke kai saƙo saman ƙwaƙwalwa, waɗanda akasarin ƙungiyoyin likitoci ke ganin sai da su ake jin zafi, suna haɗuwa ne wajen mako 24, ko da yake wasu masu bincike sun ce jin zafin na iya farawa kafin nan.

Masu cewa a tsaya a ranar farko suna da hujjar da ba ta turuwa da ihu. Abin nan rayayye ne, na ɗan Adam ne, ƙwayoyin gadonsa kuma nasa ne shi kaɗai, ba na uwa ba ne, ba na uba ba ne. Duk mai karanta wannan rubutu ta nan ya biyo. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana kwatanta ɗan tayi da ƙarin da likita ke cirewa. Ƙari ba shi da gobe. Wanda ya zubar da ciki, ko na mako biyar ne, ya katse wata rayuwa da ta riga ta kama hanya, kuma matan da suka yi hakan sun fi kowa sanin cewa ba cire haƙori suka je yi ba.

Sai dai samun haƙƙi daban, cika mutum daban. A cikin kowane ciki 100 da mace ta san da shi, 10 zuwa 20 kan ƙare da ɓari, akasari a watanni ukun farko, kuma kusan rabinsu saboda tangarɗar ƙwayoyin gado ne da ba laifin kowa ba. Waɗanda ke zubewa kafin mace ta san ta ɗauka ba su ma shiga wannan lissafi ba. Da kowane ɗayansu cikakken mutum ne ya mutu, da wannan ce annobar da ta fi kowace cin rai a tarihin duniya, da kuma gwamnatoci sun zuba mata dukiya fiye da kowace cuta. Babu al'ummar da ta taɓa ɗaukarsa haka. Dubi mace biyu. Ɗaya hailarta ta yi jinkirin kwana goma, ta fara ƙirga watanni a ranta, sai jini ya ɓalle. Ta yi kuka, kuma kukanta na gaske ne, kada wanda ya raina shi. Ɗayar kuwa cikinta wata takwas, ta saba da shurinsa da dare, ta tanadi 'yan riguna, sai wata safiya ta ji shiru. Aka sa na'ura ba a ji bugun zuciya ba. Ta sha naƙuda kamar kowa, ta haifi gawa mai gashi da farce, bayan kwana uku nono ya kawo babu mai sha. Duk wanda ya tsaya kusa da waɗannan mata biyu ya san rashin nasu ba ɗaya ba ne, ko da a bakinsa yana cewa ɗaya ne.

A ɗaya gefen akwai masu cewa abin da ke sa a kira halitta mutum shi ne hankali, da sanin kai, da iya tunanin gobe, kuma tunda ɗan tayi ba shi da su, ba shi da haƙƙin rayuwa. Wannan ra'ayi ya fi na farko ba ni tsoro. Jaririn kwana biyu ma ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Tsohon da ciwon mantuwa ya cinye har ya daina gane 'ya'yansa ya rasa akasarinsu. Kada a ce zargi nake yi: a 2012 wasu masana falsafa biyu sun wallafa maƙala a wata sananniyar mujallar ɗa'ar aikin likita ta Birtaniya, suka bi wannan hujja har ƙarshenta, suka ce duk dalilin da ya halatta zubar da ciki ya halatta kashe jariri sabon haihuwa. Duniya ta yi musu caa, kuma ta yi daidai. Amma su ba su yi kuskuren lissafi ba, tushen da suka ɗora lissafin ne ruɓaɓɓe. Ranar da muka yarda darajar mutum tana rataye da abin da ƙwaƙwalwarsa ke iya yi a yau, masu rauni duka sun shiga uku.

Haihuwa ma ba ta isa zama iyaka ba. Bakwainin da aka haifa a mako 25, yana kwance a kwalba da robar numfashi a hanci, kowa ya yarda mutum ne, wanda ya cire masa robar da gangan mai kisa ne. Ta yaya ɗan uwansa na mako 32 da ke ciki, wanda ya fi shi girma da ƙwari, zai kasa zama mutum don kawai bai fito ba? Kotun ƙolin Amurka a hukuncinta na 1973, wanda ta rushe a 2022, ta jingina ne da lokacin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen uwarsa, Birtaniya ma ta sauko daga mako 28 zuwa 24 a 1990 saboda irin wannan dalili. Amma wannan lokaci na'ura ce ke yanke shi. A asibitin da ya wadata, ɗan mako 23 kan rayu, har an samu na mako 21 da ya tsira. A asibitin da babu kwalba, ɗan mako 28 kan mutu. Ba zan yarda cewa zaman yaro mutum ya dogara da kayan aikin asibitin da ke kusa da uwarsa ba.

Wannan fahimta ta cewa mutum mataki-mataki yake zuwa tsohuwa ce ƙwarai, kuma ina mamakin yadda masu magana da sunan addini ke tsallake ta. A Suratul Muminun, aya ta 12 zuwa 14, Alƙur'ani ya jero matakan: ɗigon maniyyi, gudan jini, tsoka, ƙasusuwa, naman da aka tufatar da ƙasusuwan, sannan ya ce aka mai da shi wata halitta dabam. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambaci kwana arba'in sau uku kafin a aiko mala'ika ya busa rai, daga nan malamai suka ɗauko kwana 120. Wani hadisin a Muslim, na Huzaifa ɗan Asid, ya ambaci zuwan mala'ika bayan dare 42. Malamai sun haɗu a kan cewa bayan busa rai zubar da ciki haramun ne, sai in ran uwa ake ceto. Kafin nan ne suka saɓa. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne hani tun daga lokacin da mahaifa ta kama maniyyi. Hanbalawa da dama sun yi sauƙi kafin kwana 40. A cikin Hanafawa akwai waɗanda suka yi sauƙi har zuwa kwana 120 in da uzuri. Imam Gazali, wanda ya ƙi abin tun daga farko, shi ma ya ce laifin hawa-hawa ne, yana ƙara muni daga mataki zuwa mataki. Hukuncin diyya ya ƙara fito da abin fili: wanda ya bugi mai ciki ta zubar da ɗan tayi matacce, abin da ke kansa kimar raƙuma 5 ne, alhali cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce. Ana ajiye wa ciki rabonsa na gado, amma ba ya tabbata nasa sai an haife shi da rai. Ga haƙƙi nan an ba shi, ga shi kuma an nuna bai kammala ba.

Ba Musulmi kaɗai ba. Aristotle, masanin falsafar tsohuwar Girka, ya ce sai bayan kwana 40 ɗan tayi namiji ke samun siffa, Toma Akwinas, babban malamin Kirista, ya bi shi a kan cewa ran ɗan Adam daga baya yake shiga. Cocin Katolika ta daɗe tana haramta zubar da ciki a kowane mataki, amma a hukuncinta tana bambanta wanda ya siffantu da wanda bai siffantu ba, har 1869 lokacin da Fafaroma Pius na tara ya cire bambancin. Tsohuwar dokar Ingila motsin ciki ta ɗauka iyaka. Malaman Yahudawa sun rubuta tun ƙarni na biyu zuwa na uku cewa in naƙuda za ta kashe mace, a sadaukar da ɗan, domin ranta ne a gaba, amma da zarar akasarin jikinsa ya fito ba a taɓa shi. Mutanen zamani da addini daban-daban, suka zo wuri kusan ɗaya. Kuma a lura, babu ko ɗayansu da ya ce abin da ke ciki kafin iyakar banza ne.

Za a ce in abu mataki-mataki ne, duk layin da aka ja son rai ne. Ban yarda ba. Babu daƙiƙar da za ka nuna ka ce nan dare ya ƙare gari ya waye, amma mai azumi bai taɓa ruɗewa tsakanin tsakar dare da hantsi ba. Yana da lokacin da yake ajiye cokali, kuma in yana shakka ajiyewa yake da wuri. Haka doka take buƙatar layi ko da halitta ba ta ja shi ba, shakka kuma dalili ce ta taka-tsantsan da ɗan tayi, musamman yayin da makonni ke ƙaruwa.

Amma akwai wadda babu wata shakka a kanta. A watan Oktoban 2012, Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar asalin Indiya mai shekara 31, ta je asibiti a garin Galway na ƙasar Ireland da cikin mako 17 da ciwon baya. Likitoci suka duba suka ce ɓari ne babu makawa, ɗan ba zai rayu ba. Ruwa ya fashe, bakin mahaifa a buɗe, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ta roƙi a cire cikin. Aka ce mata muddin ana jin bugun zuciyar ɗan tayi doka ba ta bari, domin tun 1983 kundin tsarin mulkin ƙasar ya daidaita ransa da na uwa. Aka yi ta sa na'ura ana sauraren zuciyar da kowa ya san za ta tsaya, ita kuma zazzaɓi yana hawa. Da zuciyar ta tsaya, cuta ta riga ta shiga jininta. Ta rasu ranar 28 ga watan, mako guda da shigarta asibitin. Binciken da aka yi ya sami sakaci a kulawar da aka ba ta, ya kuma nuna yadda tsoron doka ya ɗaure hannun masu dubata. A 2018 mutanen Ireland suka soke wancan sashe da kashi 66 cikin 100 na ƙuri'u.

Ban san wace irin girmama rai ce za ta tsaya kallon mace tana mutuwa don kare cikin da ba zai tsira ba. An rasa biyun duka. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a ɗakin haihuwa: ciki 1 zuwa 2 a cikin 100 kan zauna a wajen mahaifa, akasari a bututu, inda ba zai taɓa girma ya zama jariri ba, in kuma aka bar shi bututun ya fashe mace ta zubar da jini a cikin cikinta. Ga hawan jinin masu ciki da ke kai ga jijjiga, ga ciwon zuciya, ga sankarar da maganinta ba ya jiran wata tara. Dokar da ta sa likita ya kira lauya kafin ya taɓa irin wannan mara lafiya, dokar ta yi kisa, ko me marubutanta suka nufa.

A 1971 wata masaniyar falsafa Ba'amurkiya, Judith Jarvis Thomson, ta kawo wata hujja da ta sauya akalar gardamar. Ta ce a ɗauka ma ɗan tayi cikakken mutum ne, shin haƙƙin rayuwa yana ba mutum ikon amfani da jikin wani ba da yardarsa ba? Akasarin dokokin duniya ba sa tilasta wa uba ya ba ɗansa ƙoda, ko ma jini, ko da ɗan zai mutu. Hujjar tana da ƙarfi ƙwarai a kan wadda aka yi wa fyaɗe. Yarinya 'yar shekara 12 da wani ƙato ya danne, ƙugunta bai gama buɗewa ba, a ce dole ta ɗauki cikin wata tara ta shiga naƙudar da ka iya kashe ta ko ta bar ta da yoyon fitsari, ban ga adalci a nan ba, kuma da wuri ya kamata a buɗe mata ƙofa. Inda hujjar ta yi rauni shi ne sauran lokuta. Ɗan tayi ba baƙo ba ne da ya faɗo daga sama. Iyaye suna da nauyin 'ya'yansu wanda ba su da shi a kan mai wucewa, kuma ƙin ba da ƙoda daban yake da sa hannu a kawar da rai.

Na ce iyaye, kuma da gangan na faɗa. Babu cikin da mace ta yi wa kanta. Amma in ana wannan gardama, namijin ɓacewa yake kamar ba a yi shi ba. Shi ne ya musanta, shi ne ya kashe waya, sau da yawa shi ne ya miƙa kuɗin ya ce a je a cire, wani lokaci kuma shi ne gobe zai fi kowa ɗaga murya a kan lalacewar tarbiyya. Iyayen da suka gwammace 'yarsu ta mutu a ɓoye da a ce ta yi abin kunya, da makarantar da ke korar ɗaliba mai ciki ta bar wanda ya yi mata, da mai aikin da ke sallamar ma'aikaciya don cikinta ya fito, duk suna da hannu a cikin da aka zubar. Ita kaɗai ake kamawa.

Wannan ya kawo mu ga doka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana zubar da ciki wajen miliyan 73 a kowace shekara, kusan kashi 45 cikin 100 ta hanyar da ke da haɗari, kuma kusan dukkan masu haɗarin a ƙasashe masu tasowa suke. Romaniya ta gwada hani mai tsanani a 1966 ƙarƙashin shugabanta Ceausescu, har ana duba mata a wuraren aiki don gano masu ciki. Haihuwa ta kusa ninkawa a shekarar farko, sannan ta sauko, domin mata sun koma hannun masu yi a ɓoye. Kafin a soke dokar a ƙarshen 1989, an ƙiyasta mata kusan 10,000 sun mutu ta wannan hanya, gidajen marayu sun cika da yaran da aka yasar, mutuwar mata masu ciki a ƙasar ta fi ta ko'ina a Turai. Shekara guda bayan sokewar, adadin ya faɗi da kusan rabi. Mai hali, a ko'ina take, takan sami likita mai tsabta ko ta hau jirgi. Talaka ce ke shan abin da ba ta san sunansa ba, ko a zura mata ƙarfe, ta zo asibiti bayan kwana huɗu mahaifa ta ruɓe, tana tsoron faɗin gaskiya kada a kira 'yan sanda. Wanda ya ce rai yake karewa, wannan ran ma yana cikin lissafinsa.

Kada kuma a ɗauka halattawa kaɗai ta wanke komai. A 1990 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya lissafa cewa mata fiye da miliyan 100 sun ɓace daga ƙidayar duniya saboda fifita 'ya'ya maza, kuma da na'urar hoton ciki ta yaɗu, zubar da cikin 'ya mace ya zama babbar hanyar wannan ɓacewa, har Indiya ta haramta faɗin jinsin ɗan tayi a 1994. A Sin, ƙarƙashin dokar ɗa guda, an tilasta wa mata zubar da cikin da suke so. In ɗan tayi ba komai ba ne, me ya sa zubar da shi don mace ce ke sa tsikar jikinmu tashi? Alƙur'ani ya ce za a tambayi wadda aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Sauya kayan aiki bai sauya tambayar ba.

Saboda haka ga inda nake. A makonnin farko, kafin siffa ta kammala, zubar da ciki abu ne mai nauyi da ke buƙatar dalili na gaske, kamar fyaɗe, ko ciwo, ko halin da zai rushe rayuwar mace, kuma ita ce ta fi kowa sanin nauyin dalilinta, ba ɗan sanda ba. Dama can nan ne akasarin abin ke faruwa: a Amurka, sama da kashi 90 cikin 100 kafin ƙarshen mako 13 ne, wajen kashi 1 ne kawai daga mako 21 zuwa sama. Yayin da makonni ke tafiya, dalilin da ake buƙata yana ƙara nauyi. Bayan wata huɗu, ba na ganin abin da ya halatta shi sai ceton uwa. Wadda kuma ta zo asibiti tana zubar da jini, a yi mata magani, babu tambayar yadda aka yi. Mai son rage zubar da ciki da gaske, hanyar tsara haihuwa da tilasta wa uba ɗaukar nauyin ɗansa za su yi masa aikin da kurkuku bai taɓa yi ba.

Akwai wuri guda da wannan layi ke ciwo, kuma a nan ne bambancin lissafin nan ya shigo. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta ce in amintattun likitoci sun tabbatar ɗan tayi na da mummunar tawayar da ba ta da magani, ana iya cire shi bisa buƙatar iyaye kafin kwana 120. Kwana 120 daga shigar ciki ya yi daidai da wajen mako 19 a lissafin likitoci. Babban hoton cikin da ake duba gaɓoɓin ɗan tayi kuwa, tsakanin mako 18 da 22 ake yin sa. Wato iyaye da yawa suna jin labarin ne a makon da ƙofar ke rufewa, ko bayan ta rufe. Wasu daga cikin waɗannan tawayoyi, kamar ɗan tayin da ƙoƙon kansa da akasarin ƙwaƙwalwarsa ba su fito ba, wanda in an haife shi ba ya wuce sa'o'i ko 'yan kwanaki, ƙwararre na iya ganin su tun mako 11 zuwa 14. Duk hukumar da ta ja layi a wata huɗu, wajibinta ne ta kai wannan hoto na wuri ga kowace mai ciki, mai kuɗi da marar kuɗi. Uwar da kuma labarin ya riske ta bayan layin, aka ce mata ɗan da ke motsi a cikinta ba zai rayu ba ko me aka yi, ina ganin doka ta bar hukuncin a hannunta da mijinta da likitocinta da malamin da ta amince da shi. Wadda ta zaɓi ta kai shi wata tara don ta rungume shi na awa guda, a tsaya mata har ƙarshe. Wadda jikinta ko hankalinta ba zai ɗauka ba, kada a kai ta gaban alƙali.